Maganaɗisu Bai Kama Ba

Don Aurelio Huenchupán ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan motar fasinja tsakanin El Bolsón da Bariloche, har bayansa ya sage, gwiwoyinsa suka koma yin ƙara in zai miƙe. Da ya ajiye tuƙi sai ya rasa inda zai sa kansa. Matarsa Delfina ce ta kora shi rumfar bayan gida, ta ce ya je ya nemi abin taɓawa, ya daina bin ta kicin kamar jela. To a garin da furen lupulo, wanda ke ba giya ɗaci, ya naɗe kowane shinge, abin taɓawar dattijo ba ya wuce dafa giya.

Ya samo tsohuwar gangar silba, ya yanke mata baki, ya huda gindinta ya ɗaura mata kan famfo. A wajen 'yan gwangwan ya tsinto kan famfon, yana ƙyalli kamar sabon cokali. Kuma ba da ka ya saya ba. Sai da ya manna masa ɗan maganaɗisun da ke jikin makullansa, maganaɗisu ya faɗo ƙasa. Duk mai dafa giya a kwarin nan haka aka koya masa: ƙarfen banza yana kama maganaɗisu, silba ta gaskiya ba ta kamawa. Rabin karatun aka ba mu, amma da shi muke ta hura hanci.

Giyarsa kam ta yi suna. Ja ce, mai ɗaci daidai, ba ta sa ciwon kai. Bayan rasuwar Delfina ita ce ta riƙe masa gida. 'Ya'ya sun watse neman abinci, ɗakuna sun yi shiru, amma kowace Lahadi tsakar gidan cika take yi. Maƙwabta su zo da nama a gasa, shi kuma ya fito da kwalabe. Wanda ba ya fashi shi ne amininsa Hilario, tsohon makaniki, da matarsa Doña Ofelia. Aurelio ba yaro ba ne, ya san ba hirarsa ke kawo mutane ba. Labarinsa ɗaya ne a duniya, na ranar da motarsa ta kafe cikin dusar ƙanƙara, kuma kowa ya haddace shi.

Wata Juma'a da hantsi 'yarsa Griselda ta zo daga Trevelin, inda take aiki a masana'antar cuku. Ta tarar da shi ya duƙa yana wanke ganga yana nishi, ta karɓi soson.

"Baba, yaushe rabonka da kwance famfon nan?"

"In kwance abin da ba ya yoyo? Aiki ne ya yi min kaɗan?"

Ta ɗauko sifana ta kwance shi, ta ɗaga shi wajen haske ta leƙa.

"Zo ka gani, Baba."

Daga waje yana nan fari fes. Daga ciki kuwa ruwan ɗorawa ne, farin ya ɓare ya bar 'yan ɓurɓushi a gefe-gefe kamar ɓawon kifi.

"Tagulla ce wannan," in ji ta. "Ruwan silba kawai aka yi mata. Sodar da kake wanki da ita ta cinye rufin."

"Ke, rufe min baki. Da hannuna na gwada, maganaɗisu bai kama ba."

"To ai tagulla ma ba ta kamawa, Baba."

Ya nemi bokiti ya kifa ya zauna. Can ya ce, "To rufin da ya ɓare, ina ya tafi?"

Griselda ta waiwaya ta dubi kwalaben da ke jere a kan kanta. Ta ce tsohuwar tagulla kan zo da 'yar dalma a ciki, giya kuma abu ce mai tsami, tana iya lasowa. Wataƙila bai kai ya taɓa lafiyar kowa ba. Wataƙila. Ita ba ta sani ba, shi ma ba zai taɓa sani ba. Za ta aiko masa da famfon silba na gaske, amma waɗannan kwalaben, da ita ce ba za ta ba kowa ba.

Abin da ya tsaya wa Aurelio a rai shi ne Hilario bai daɗe da fitowa asibiti ba, ƙoda ta kwantar da shi. Likitoci sun ce ciwon suga ne da hawan jini, kuma babu dalilin ƙaryata su. Amma zuciya ba ta jin maganar likita. Ya wuni yana juya abin. Zai iya canza famfo ya ja bakinsa ya tsuke, Lahadinsa ta ci gaba yadda take. In kuwa ya faɗa, ya san mutanenmu: a gabanka a ce ba komai, a bayanka kowa ya tuno ciwon cikin da ya taɓa yi bara. Tsoro ya ji, na gaske, tsoron zama shi kaɗai da kujeru.

Ranar Asabar ya kwashi kwalaben ya kai bakin kwata, yana buɗewa yana tuttulewa. Bai yi wani jarumtaka ba, gajiya ce kawai ta hana shi ɗaukar ƙarya a kan ciwon bayan da yake fama da shi.

Lahadi da nama ya nuna, aka fara waige-waigen kwalabe. Sai ya ajiye kan famfon a tsakiyar tebur ya faɗi abin da ke akwai, bai rage ba bai ƙara ba. Aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu ana leƙawa.

Hilario ne ya fara magana. "Kai dai tsohon nan akwai son girma. Tun ina saurayi nake busa taba ina cin kitse, yau kuma kai za ka ce kai ka lalata min ƙoda? Ka bar ni da aikin hannuna mana."

Aka yi dariya, amma gajeriya. Wani ya ce ai kowa da irin famfon nan yake aiki, wani ya ce shi ma zai duba nasa. Daga nan wannan ya tuna yana da baƙi, wancan ya ce matarsa ba ta jin daɗi. Kafin la'asar tsakar gida ta rage daga Aurelio sai Hilario da Doña Ofelia.

Da babu abin sha, sai ya ɗora buta ya haɗa mate, shayin ganyen nan namu da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. Ya cika ƙoƙon da ganye, ya soka bututun zuƙa, ya sha na farko yadda mai gida ke yi, ya sake zuba ruwan zafi ya miƙa wa Doña Ofelia. A wajenmu ba a godiya in an miƙa maka mate. Sai ka ƙoshi za ka ce ka gode, ma'ana a daina ba ka.

Ba ta miƙo hannu ba. Idonta na kan bututun, wanda shi ma fari ne mai ƙyalli, bakinsa ya ɗan soma yin ruwan ɗorawa.

"Na gode, Don Aurelio."

Ya juya da ƙoƙon wajen amininsa. Hilario ya ɗago hannu zai karɓa, sai ta dafa masa damtse a hankali.

"Shi ma ya gode," in ji ta.

Hilario ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa. Aurelio ya dawo da ƙoƙon gabansa, ya shanye shi kaɗai.