Waƙar da ba ta da 'yan amshi

Jan gashinta na fara hangowa, a bakin kududdufin da masu haƙar kuza suka bari a bayan Rayfield. Baturiya ce zaune kan dutse, tana waƙa ita kaɗai, ba kiɗa ba tafi.

Lokacin ina amarya. Mijina direban babbar mota ne, in ya kama Titin Bauchi sai ya yi makonni bai dawo ba. Ba ni da kowa a Jos sai 'yan littattafan soyayya da nake saye a kasuwa, waɗanda komai wuya a ƙarshe ake ɗaura aure. Wanki ke kai ni kududdufin.

Rannan na yi ta maza na gaishe ta. Ashe tana jin Hausa kaɗan, wajen kukunta ta koya. Mijinta injiniya ne, kullum yana dajin kuza. Ta ce waƙar ta ƙasarsu ce, Sikotilan, a bakin kakarta ta ji. Wata yarinya ce ke jiran saurayinta da ya shiga jirgin ruwa.

"To, Uwargida, sai ya dawo aka sha biki?"

"Bai dawo ba."

"Haba! Kakarki dai ta manta ƙarshen."

Ta yi dariya har da share hawaye. "A waƙoƙinmu ba sa dawowa. Ko teku, ko yaƙi."

Ni abin da ya fi damuna shi ne babu mai karɓa mata. A garinmu ko mai daka tana da 'yar amshi. Saboda haka da ta kai ƙarshen baiti, sai na karɓa da "zai dawo, zai dawo."

Ta ɗaure fuska. "Wannan waƙar mutum ɗaya ke yin ta."

Na tattara wankina da ruwansa na tafi. Na daɗe ban koma ba. Ina zaune a ɗaki ina ganin na kori mutum ɗaya tilo da ke yi mini magana a garin nan.

Sai da damina ta sauka na koma, wai wanki. Tana kan dutsenta. Ta fara waƙar, ta kai ƙarshen baiti, ta yi shiru. Na sunkuyar da kai ina cuɗa zane.

"Ke nake jira," in ji ta.

Haka muka yi ta yi har kaka: ita ta nutsar da saurayin, ni in dawo da shi. Daga nan aka mai da mijina Kano, muka tashi ko sallama ban samu na yi wa Baturiyar ba.

Bayan shekaru na zo Jos biki, na haɗu da kukunta a kasuwa, ya tsufa. Ya ce da maigidan ya rasu, ta koma ƙasarsu. Amma tun kafin nan, in ji shi, sun ɗauka mantuwa ce ta kama ta, don in tana waƙa a baranda, duk ƙarshen baiti sai ta tsaya ta yi shiru, sannan ta ci gaba.