Ranar da Aka Mayar da Kawu Sule Matafiyi

Wata Asabar cikin azumin 1980, rana na dukan birnin Greensboro na Amurka kamar da gayya, muka shiga tsohuwar motar Baba. Ni ina baya rungume da jarkar ruwan ƙanƙara, Kawu Sule, ƙanen Mama, yana gaba yana ɗaure takalmin ƙwallo. Ranar ce wani kulob mai biyan albashi zai gwada 'yan wasa. In an ɗauke shi, ya zauna yana cin abinci da ƙafarsa. In an ƙi, bizarsa ta ƙare, sai Kano, inda ya bar ƙungiyar wata masaƙa da cika bakin sai dai su ji shi a rediyo.

Ni na horar da shi, ko da jarida ba ta rubuta ba. Kullum da yamma, in na share tsakar gida na fitar da shara, sai in tsaya gola tsakanin sandunan shanyar Mama a bayan gidanmu na McLeansville da ke gefen birnin, shi kuma ya yi ta sakar min ƙafar hagu, har zannuwan Mama da tumatirinta suka samu rabonsu. Lissafin da ya ƙi zama a kaina har na bar makaranta, ina zargin ƙwallon Kawu ce ta kakkaɓe shi.

Matsalar ita ce azumi. Malam Habu, abokin Baba a jami'a, ya ce matafiyi na iya ajiyewa, amma filin yana nan kusa, ko shayi ba zai huce a hanya ba. Baba kuwa injiniya yake karanta, nan take ya samo mafita. Ya bi da mu ta doguwar hanya, can ta garin Summerfield, muka yi ta kewaya gonaki har dawakai suka fara gane motarmu. Da muka isa fili ya kashe mota, ya ce, "Sule, ka zama matafiyi. Sha."

Kawu ya dubi jarkar, leɓensa duk ya bushe. "Yaya, ai mala'iku ma sun ga hanyar da muka biyo." Ya buɗe ƙofa ya fita.

To, ranar mun ga ƙwallo! Ya yanke wani dogon Bature har ya zauna, ya wuce na biyu, ya ɗaga ƙafar nan da ta gama da tumatirin Mama, raga ta girgiza. Baba ya ruga cikin fili da babbar riga, hularsa ta tsaya a hanya. Da aka tashi Kawu ya zube a gindin bishiya, koci ya miƙo masa ruwa, shi kuma ya nuna masa rana da yatsa. Da aka yi wa kocin bayani, sai ya ce wanda ya yi wannan da ƙishirwa, yana so ya gan shi a ƙoshe. Aka ɗauke shi. Jarkar kuwa ni na shanye, don kada tafiyar ta tashi a banza.

Yau jikokina kowa da gorarsa, ana busa musu usur su sha ruwa tun ba su yi gumi ba. Kulob ɗin ya rushe tuntuni, Kawu ya riga mu gidan gaskiya. Amma har yanzu in na bi ta Summerfield, sai in ji ƙishirwa ta kama ni.