Akwatin da Ya Zame wa Kolo Kunne

Kolo mutumin Baruwa ne, manomin tattasai, gyaran rediyo kuma abin sha'awarsa. Ranar da aka kai wa garinsu hari, wani abu ya fashe kusa da shi. Ya tsira da ransa, amma kunnuwansa sun tafi. Shi da matarsa Meram suka dawo Gagamari, aka ba su aron gona a bakin Komadugu.

Duk mai ban-ruwa a nan da kunne yake aiki. In injin jan ruwa ya shaƙi yashi, kukansa kan canza, sai a kashe shi kafin ya ƙone. Kolo ya samu injin sola, amma ba ya jin kukansa. In ya ƙone, ba shi da wani.

Mutum ne mai kafiya. Ya aika kasuwar Diffa aka samo masa 'yar ƙwaƙwalwar lantarki, ya haɗa ta da abin auna wuta a cikin akwatin roba. Ya yi ta gwaji har ya gane yawan wutar da injin ke ja in yana lafiya. In yashi ya shiga, wutar kan ƙaru, sai jar fitilar da ya sa a akwatin ta kama. Mu maƙwabtansa mun yi masa tsiya, muna cewa ya yi wa inji likita. Amma tattasansa ya yi kyau.

Sai soja suka fara binciken gonaki. Bulama, wato maigari, ya zo ya dubi wayoyi da batir.

"Meram, ki fahimtar da maigidanki," in ji shi. "In soja suka ga wannan, za su ɗauka bam ne, ba za su tsaya tambaya ba. Dukanmu za a kora daga bakin ruwa."

Ta yi wa Kolo bayani da hannu. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Bulama na da gaskiya," ya ce, ya tsinke wayoyin da kansa.

Har yau abin na ci mini rai, kuma ban san wa zan zarga ba.

Wata rana da hantsi Meram ta tafi karɓar abincin agaji. Ina gonata na jiyo injin Kolo yana kururuwa. Na sheƙo a guje, ina kiran sunansa kamar zai ji. Na same shi tsugune yana cire ciyawa, injin na bayansa, bai juyo ba sai da ƙaurin ya kai hancinsa.