Ranar da Na Shiga Fili Na Fitar da Ɗana

Ko zan manta komai na zamanmu a Kuala Lumpur, ba zan manta Asabar ɗin da aka so a nakasa min ɗa a filin ragbi ba, wasan ƙwallon nan da ake rungumar ƙwallo a yi gudu, ana kayar da juna. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Lokacin muna unguwar Cheras, maigidana yana koyarwa a jami'a. Ɗan farinmu shekararsa goma sha uku, amma in ka gan shi sai ka rantse saurayi ne. Kocinsu na ragbi dattijo ne mai sanyin hali. Wata da watanni bai bari sun yi karo da juna ba, sai koya musu yadda ake faɗuwa, da inda ake kawar da kai in za a kayar da mutum. Maigidan ya nemi a ɗaga yaron zuwa rukunin manya. Dattijon ya ce jiki ne ya girma, wuyan na yaro ne, a bar shi ya hau a hankali.

Maigidan ya dawo gida yana huci. "Ba sa son baƙo ya yi fice, shi ke nan."

Na ce, "Abban yara, mutumin nan ya fi mu sanin aikinsa."

"Ke me kika sani a wasan maza?"

Ya kai yaron wata ƙungiya a unguwar Titiwangsa. Sabon kocin ya dubi kafaɗun yaron kawai ya ce, "Boleh," wato ba matsala.

A wasansa na farko wani ƙato ya ɗauke shi ya buga da ƙasa. Ya tashi yana tangaɗi. Ina kallo kocin ya watsa masa ruwa a fuska ya tura shi ciki, ubansa kuwa yana tafi. Ban san sanda na ratsa fili da hijabina ba. Na riƙe hannunsa na ce, "Wace ce ni?" Ya ƙura min ido bai amsa ba, sai amai.

Kocin ya matso wai in fita, saura kaɗan a tashi. Na ce masa ya kawo nasa ɗan ya ƙarasa. Na juya ga maigidan, a gaban mutane, na ce, "Ɗauko mota." Ya je ya ɗauko.

Likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ta bugu, da an sake buga shi sai abin da Allah Ya yi. Ya daɗe ba ya iya karatu, haske ma ciwo yake sa masa. Sabon kocin ko waya bai yi ba. Dattijon nan da muka watsa wa ƙasa a ido shi ya zo duba shi, kuma da ya warke ya karɓe shi, ya fara da shi daga gudu kaɗai.

Tun ranar na gane wanda ya ce maka ɗanka bai kai ba, sau da yawa ya fi mai yabonsa ƙaunarsa. Na kuma daina yin shiru a kan lafiyar 'ya'yana don wai a zauna lafiya.