Lambun Bayan Ɗakin Inna

Ranar wata Asabar cikin bazara, shekarar da nake aji huɗu a firamare, Baba ya tsaya a bakin zaure da hantsi ya yi gyaran murya, ya ce a kimtsa za a shigo da baƙo. Umma ta ja mayafinta ta shige ɗaki, mu kuwa yara muka saki wanke-wanken da muke yi muka zuba ido. Sai ga wani gajeren dattijo ya turo keke har tsakar gida, da wata tsohuwar jaka ɗaure a baya, ƙarafa suna kacau-kacau a cikinta. Ya jingine keken a jikin rumbu, ya tuɓe takalmansa ya ajiye a gefe kamar mai shirin shiga masallaci, sannan ya fara zagaya gidanmu a hankali, kansa a sunkuye. Shi ne Malam Audu mai gyaran famfo, mutumin Sara, wanda a lokacin duk mai bututu a Birnin Kudu ya san ƙarar kekensa. Ƙannena suna ta toshe baki suna dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san abin da yake nema, kuma a duk gidan ni kaɗai na san inda yake.

Gidanmu tsohon gida ne da aka yi ta yi wa ƙari. Ɗakunan Baba da na Umma na bulo ne masu rufin kwano, amma ɗakin Inna, mahaifiyar Baba, na ƙasa ne mai rufin azara, kakanmu ne ya gina mata shi da hannunsa shekarar da aka kawo ta daga Zandam. A ciki akwai gadon ƙarfe mai rumfa, da jeren kwanukan da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, da randa a bayan ƙofa. Ko ana zafin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ka shiga ɗakin nan sai ka ji barci. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya iya kiran sunana sai dai ya ce Uwani, ita kuma ta ce Takwara. Da ƙafafunta suka fara ciwo, Baba ya gina mata banɗaki na siminti, ya sa aka kafa tanki a kan ƙarfe, aka ja bututu ta ƙarƙashin ƙasa, aka liƙa hitar ruwa a bango don ta riƙa alwala da wanka da ruwan ɗumi. Inna ta ce ruwan da bai ji hayaƙi ba ba ya fitar da sanyi daga ƙashi, amma duk ranar da aka kawo wuta ita ce take fara aikena in kunna mata.

A ranin wannan shekara tankin ya fara abin mamaki. Da can idan famfo ya zo aka cika shi, sai ya kai mu mako guda. Sai ya koma kwana huɗu, daga nan kwana biyu. Laifin ya faɗo kanmu yara, kamar yadda aka saba. Aka ce muna wasa da ruwa, aka ce Sani ƙanena yana wanke tunkiya da shi, aka hana mu taɓa kan famfo sai da izini. Muka koma ɗibar ruwa a rijiyar maƙwabta kafin mu tafi makaranta, bokiti uku-uku, ga shara, ga kai niƙa, ga allo da yamma. Rannan aka kawo wuta aka kunna hita alhali babu ko ɗigo a cikinta, ta yi wani wari ta mutu. A nan ne Baba ya yarda ba ɓarnar yara ba ce, ruwa yana zurarewa ne a wani wuri da ido bai kai ba.

Nawa idon ya daɗe da kaiwa. Tsakanin bayan ɗakin Inna da katangar maƙwabta akwai wani ɗan lungu da aka toshe bakinsa da tsofaffin zana da karan dawa, babba ba ya iya ratsa shi ko a karkace. Wata kazar Umma ce ta ɓace mana, na bi ta don in gano inda take ɓoye ƙwai, na kutsa ta ƙarƙashin zanan. Na samu ƙwan, guda bakwai, na kuma samu abin da ya fi su. Ƙasar wurin baƙa ce, a jiƙe, ciyawa ta fito kore shar, a watan da ko akuya ta haƙura da kore ta koma cin takarda. Na tsuguna na danna yatsa, ruwa ya taso. Washegari na buɗe ƙullin irin da dangin Inna suke kawo mata daga Zandam, na ɗebi na alayyahu da na yakuwa, na haɗa da wani ruɓaɓɓen tumatir da Umma ta yar. Da tsohon cokali na yi noman. Na ja kunya uku ƙanana yadda nake ganin ana yi a gona da damina, na kwaso kashin awaki a siket ɗin makaranta na zuba. Cikin mako uku wurin ya cika.

Ban taɓa mallakar komai ba kafin wannan lambu. Kayan sawata na yayata ne da suka yi mata kaɗan, tabarmar kwanana mu uku ne a kai, ko ƴar tsanar da na ɗinka sai da aka ce in bar wa ƙanwata. Wannan kuwa nawa ne, babu wanda ya ba ni, babu wanda zai ce in raba. Idan aka tashi daga makaranta, ƙawayena suna tsayawa ƴar gala-gala a gindin darbejiya, ni sai in ce ana jirana a gida. Da alayyahun ya isa yanka na riƙa kai wa Inna ɗan dami a ɓoye, in ce wata ƙawata ce ta ba ni, babanta yana da lambu a fadama. Lokacin kowane gida miyar kuka ce da busasshiyar kuɓewa. Inna takan karɓa ta juya ganyen a hannunta, ta ce, "Allah ya yi wa ƙawar nan taki albarka, Takwara, ba ta gajiya." Sai ta yi ɗan fate a ƙaramar tukunyarta mu sha mu biyu.

To, wannan shi ne abin da Malam Audu yake taka ƙasa yana nema ranar Asabar ɗin nan. Ya ce tafin ƙafa ya fi ido sanin danshi. Da ya gama zagayen ya ciro wani dogon ƙarfe, ya ɗora kansa ɗaya a kan bututun da ke gindin tanki, ɗayan a kunnensa, ya rufe ido, ya sa aka yi shiru har da masu daka a maƙwabta. Ya ce lallai ruwa na tafiya. Amma wanda ya binne bututun tun farko ya bar garin, Baba kuma yana wurin aiki ranar da aka yi haƙan, don haka babu wanda ya san ta inda aka bi da shi. Sai Malam Audu ya tara mu yara a inuwar rumbu, ya tsuguna daidai tsayinmu. Ya ce, "Masu gida ba su san gida ba, yara ne suka san gida. A cikinku wa ya ga wurin da ya yi kore, ko wurin da kaji suke son kwanciya da rana?" Sani ya nuna gindin randa, aka yi dariya. Ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina na ce ban gani ba.

Ba zan ce ƙuruciya ce ta hana ni ganewa ba, don na gane sarai. Na ga gindin bangon Inna ta baya ya yi duhu har zuwa gwiwata, na ga yaɓen yana sulluɓewa idan na jingina. Ƴar gidan ƙasa ce ni, na san abin da ruwa yake yi wa tubali. Lissafina kawai shi ne tumatirin ya riga ya yi fure, in ya nuna sai in faɗa. Malam Audu ya haƙa wuri biyu a tsakar gida bai samu komai ba, ya mayar da ƙasa. Ya kwance hitar ya canja mata abin da ya ƙone, ya ɗaure wata mahaɗa da ke ɗiga a banɗaki, ya ce wa Baba ba ita ce babbar ɓarakar ba, a sa ido, zai dawo. Ya sa takalmansa ya tura kekensa, ni kuma na ji daɗi har cikin raina.

Mako uku ya yi kafin ya dawo, an kira shi wani aiki a Gwaram. A tsakanin nan ɗakin Inna ya fara wari irin na ƙasar da aka yi wa yayyafi. Wata safiya ina share mata ƙarƙashin gado na ga tsaga a kusurwa, siririya, ta taso daga ƙasa. Na tura tsohon kwando na rufe ta. Tumatirin ya yi ƴaƴa tara, ina ƙirga su kullum, ba su nuna ba tukuna.

Ranar da ya dawo bai tambayi kowa komai ba. Ya zauna a kan turmi da tsakar rana yana shan ruwan da aka kawo masa, yana kallon sama. Ashe zanzaro yake kallo. Akwai su da yawa a ƙarƙashin rumfar Umma suna ginin gidajensu, kuma zanzaro ba ya gini sai da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya bi su da ido suna tashi, suna haye rufin Inna, suna faɗawa baya, suna dawowa da laka a baki. Ya ajiye kofin ya miƙe, ya janye zanan nan da karan, ya leƙa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya kira Baba, muka bi su duka har da Umma daga nesa. Lambuna ya fito fili, kunya uku a jere, an tokare tumatir da kara, ga cokalina a soke a ƙasa. Malam Audu ya ce, "Ga ɓarakarku nan. Mai wurin kuwa ya iya noma." Bai dube ni ba, kuma na san da gangan ya ƙi. Ya danna babban yatsansa a gindin bangon, yatsan ya nutse.

Baba ba mai faɗa ba ne, amma ranar muryarsa ta canja. Ya juyo ya tambaya wane ne ya san da wannan wuri ya yi shiru, har aka zo aka tambaya ya ƙara yin shiru. Kafin in buɗe baki sai muka ji Inna daga bakin ƙofarta, tana dafe da sandarta. "Nawa ne," in ji ta. "Ni na shuka abina." Kowa a wurin ya san Inna ba ta iya sunkuyawa ta ɗaura zaren takalmi, balle ta ratsa lungun da sai an yi rarrafe. Baba ya dubi mahaifiyarsa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ba a ƙaryata uwa a gaban yara da baƙo. Maganar ta mutu a nan, ba a kuma tayar da ita ba.

Gyaran kansa bai ɗauki awa biyu ba. Bututun ƙarfe ne tsatsa ta huda, hudar ba ta fi ƙwayar gero biyu ba. Malam Audu ya tumɓuke alayyahun ya tara a gefe da kyau, ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya sa sabo. Amma ya ce a kira magini, aikin da ya rage ba nasa ba ne. Magini ya zo washegari, ya ce gindin bangon ya riga ya zama kunu, ruwan farko mai ƙarfi zai iya zubo da rufin a kan mai ɗakin. Da an tare shi wata guda da ya wuce, in ji shi, da tokara da sabon yaɓe sun isa. Ina tsaye a wurin ya faɗi haka. Aka kwashe jeren Inna a cikin buhuna, aka kwance gadon, aka sauke azarar da kakanmu ya ɗora. Kwana biyu aka yi ana rushewa.

Aka mayar da Inna wani ɗakin bulo kusa da na Umma, da niyyar za a sake gina nata bayan kaka. Ba a gina ba, shekarar ba ta yi kyau ba, ta gaba kuma ƙafar ta kwantar da ita. Sabon ɗakin mai rufin kwano ne, da rana kamar tanda, sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa ina yi mata fifita. Jerenta bai sake fita daga buhu ba. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, kuma na so ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya kawai, ina matsa mata ƙafa, na tattaro ƙarfin hali na ce, "Inna, lambun nan..." Ta katse ni. Ta ce, "Takwara, irin Zandam ne, tun ganyen farko na gane shi. Ina jin motsinki ta bango kullum da la'asar. Ke kin yi shiru don tumatir, ni na yi shiru don ke. In laifi ne mu biyu muka yi shi." A wannan ɗakin na bulo ta rasu, damina biyu bayan haka.

Watan jiya hitar gidana ta fara ɗiga, fenti ya kumbura a bangon banɗaki. Na kira wani saurayi a waya, ya zo a kan babur, ya fasa tayil huɗu, ya liƙa bututun roba da gam, kafin azahar ya tafi. Aikinsa ya yi kyau, ba ni da abin cewa. Bai cire takalmi ba, bai tambayi yarana komai ba, kuma ko ya tambaya babu abin da za su faɗa masa, don gidan duk siminti ne daga ƙofa har katanga, babu lungun da yaro zai kira nasa. A tsohon gidanmu kuwa, inda ɗakin Inna yake, yanzu Sani yana ɗaure tumakinsa. Har yau idan na ga kore cikin rani a inda bai kamata ba, bangon da ke kusa nake fara dubawa.