Kwalbar Mai Gilashi

Shekara ashirin da biyu Gwaggona tana shara a kemis ɗin wani da muke kira Mai Gilashi. Ba ta iya karatu ba, amma ta san kowane magani da launin kwalinsa. Abin da ya faɗa kuwa, a wurinta ya zauna.

Da aka fara mata maganin ciwon daji, gudawa ta sa ta a gaba. Sai Mai Gilashi ya miƙa mata wata kwalba. "Ƙwayoyi ne masu rai, suna gyara hanji. Ki sha biyu kullum. Ba sai kin gaya wa likita ba."

Kwana tara, zazzaɓi ya kayar da ita. Likita ta ce maganin dajin ya raunana garkuwar jikinta, shi ya sa ƙwayoyin kwalbar suka shiga jininta. "Wa ya ba ki?"

Gwaggo ta ƙi faɗin sunansa, wai kar ta tona masa asiri.

Na je na same shi da maganar kwalbar. Mutumin nan ko ɗagowa bai yi ba. "Ni? Ai mai shara ce. Ƙila ɗauka ta yi."

Har yau ban gaya mata abin da ya ce ba. Jiya ma cewa ta yi in gaishe shi.