Alhaja Silifatu Odunuga: Daga Keken Rubutu Zuwa Teburin Daraktoci

Da hantsin ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, ina maƙale cikin cunkoson motoci a kan gadar Eko, wayata ta yi ƙara. Alhaja, 'yarki ce, Dokta Rofiat. Abin da ta iya faɗa kawai shi ne, "Kawu Udo, Mama ta tafi." Allah ya karɓi ran Alhaja Silifatu Abeke Odunuga a gidanta da ke Surulere, tana da shekara sittin da shida, bayan jinyar mako biyu. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai ki makwancinki.

Alhaja, da kin ga jama'ar da ta taru! Direbobin tirela sun zo da hannuwansu duk baƙin mai, matan kasuwar kifi sun zo, manyan kamfani sun zo da motocinsu masu sanyi. A ƙofar gidan na tsaya ina kallon fuskoki, sai na gane shugabannin sashen kwamfuta har goma sha ɗaya, na kamfanonin waya da na jiragen sama da na manyan asibitoci, kuma kowannensu daga hannunki ya fito. Na zo da kuka a idona, amma wallahi zuciyata cike take da alfahari, har yanzu da nake wannan rubutu bai sake ni ba.

Ga wanda bai san ki ba: ke ce kika shugabanci sashen kwamfuta na Kamfanin Abegunde, mai tashar sauke kwantena a Apapa, shekara ashirin da huɗu, kuma ke ce mace ta farko da ta zauna a teburin daraktocinsa. Ni, Udochukwu Ezeilo, na yi miki mataimaki shekara goma sha biyar, yanzu kuma ni ke kan kujerar da kika bari.

Babu wanda ya share miki hanya. Mahaifiyarki mai sayar da kifi ce a Isale Eko, mahaifinki kafintan kwalekwale. A 1979 kika shiga kamfanin a matsayin mai buga takardu, kina kwafe jerin kayan jiragen ruwa a keken rubutu daga safe zuwa yamma. Shekara biyar bayan haka kamfani ya sayo kwamfutarsa ta farko, girmanta kamar kabad uku a jere, aka ɗauko wani injiniya daga Indiya, Mista Venkataraman, don ya koyar da ma'aikata. Maza takwas aka zaɓa. Ke kuwa aka ba ki aikin buga musu takardun darasi. Kina bugawa, kina karantawa, kina tafiya da kwafin da ya lalace gida.

Wata rana umarnin da ɗaliban suka rubuta wa na'urar ya ƙi aiki, suka yi kwana uku suna ta zufa. Kin shigo miƙa takardu, kika leƙa ta bayan kafaɗar ɗaya, kika ce a layi na arba'in an manta aya. Aka saka ayar, na'ura ta tashi.

"Wa ya koya miki?" in ji injiniyan.

Kika ce, "Kai ne, ranka ya daɗe. Wata huɗu ke nan ina buga darasinka."

Nan take ya jawo kujera ta tara. Kin sha ba mu wannan labari, kuma kullum a nan kike fashewa da dariya, kina cewa mazan nan takwas sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwarki. Daga nan kika shiga karatun yamma, da goyo da aiki da hawa bas ɗin danfo biyu zuwa makaranta, har kika karɓi digiri kina da shekara talatin da takwas.

Wataƙila shi ya sa ba ki taɓa fara duban takardar mutum kafin ki dubi mutumin ba. A lokacin ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Ebute Metta, shekarata talatin da biyar, Rofiat tana ajina. Kin zo taron iyaye a 2003, kika tarar da ni na shimfiɗa 'yan katuna a ƙasa ina tsara jadawalin darussa na yara dubu da ɗari biyu. Kin tsaya a kaina ya fi minti ashirin kina kallon katunan. Sannan kika ce, "Tica, ka zo ofishina ran Litinin."

Na ce, "Alhaja, ai ni ban san kwamfuta ba."

"Ita zan koya maka a wata shida. Abin da ka yi a ƙasan nan ne ba zan iya koya wa kowa ba. Kuma don Allah kar ka sako wannan kwat ɗin, ya girme ka."

Haka kika ɗauko Osaro Ehigie daga rumfar gyaran rediyo a Ikeja, yau shi ke riƙe da na'urorin wani kamfanin waya a ƙasashe uku. Haka kika ɗauko Yemisi Adekanbi, nas ce a ɗakin haɗari, kika ce kina son wadda hannunta ba ya rawa idan kowa na ihu. Ofishin ɗaukar ma'aikata sun yi ta ƙorafi cewa kin mai da sashen kasuwar Oyingbo. Kika ce su bari sai ranar da aka shiga uku, sa gani.

Ba zan yi miki ƙarya a bayan ranki ba, aiki da ke ba sauƙi. Kina da faɗa. Wanda ya makara minti biyar a taro, a tsaye zai ƙarasa shi. Kin taɓa dawo mini da rahoto sau shida, a karo na shida kika rubuta a kai, "Tica, da ɗalibinka ne ya kawo maka wannan, maki nawa za ka ba shi?" Amma ba ki taɓa tsawata wa ɗayanmu a gaban baƙo ba, kuma idan an yaba aiki a sama, sunan wanda ya yi shi kike kira.

Akwai abubuwa biyu da kika dage a kansu muna yi miki dariya a ɓoye. Kowace Juma'a sai an kwafe dukan bayanan tashar a kaset, an kai wani ɗaki a Ikeja da ba ya haɗe da kowace waya. Sau biyu a shekara kuma sai a kashe kwamfutoci na awa ɗaya, a tafiyar da aiki da takarda da alli. Mun sa wa abin suna Ranar Kakanni.

Sai ga wata Alhamis a daminar 2018. Ƙarfe takwas saura na safe, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk allunan kwamfutocin tashar suka koma ja. Masu kutse sun kulle komai, sun ce a biya fansa cikin kwana biyu ko su goge. A waje tirela kusan ɗari tara sun yi layi. A cikin fili kwantena dubu bakwai ne jibge a kan juna, kuma kwamfuta ce kaɗai ta san inda kowacce take. Cikinsu akwai shida masu sanyi, ɗauke da maganin ciwon suga da alluran rigakafin yara.

Shugaban kamfani, Cif Adegoke Abegunde, ya sauko da kansa, babbar rigarsa ta agbada a jiƙe. Ya ce, "Alhaja, mu biya su mu huta."

Kika ce, "Cif, in ka biya yau, za su dawo yi maka barka da Kirsimeti. Ba ni kwana uku."

"In kwana ukun suka wuce fa?"

Kika cire katin aikinki daga wuya kika ajiye a gabansa. "Riƙe wannan. In tashar ba ta tashi ba, ba sai ka wahalar da sakatariyarka ba."

Alhaja, ban taɓa ganin ki cikin nishaɗi kamar ranar ba! Kin ɗaure gyalenki a ƙugu, kika fara rabon aiki kamar mai rabon nama. Ni kika tura tsohuwar makarantarmu na aro allo goma sha biyu, na zana taswirar filin a kansu. Osaro ya fito da tsofaffin rediyon hannu daga sito ya gyara su a kan tebur. Yemisi ta jera kaya yadda ake jera marasa lafiya: magani farko, sai kifi da kaji, sauran su jira. Aka tura mota Ikeja ɗauko kaset, amma kaset ɗin na Juma'ar da ta wuce ne, kwana shida ba sa ciki. Sai tsofaffin akawuna suka bazu cikin ruwa da lema, suna karanto lambobin kwantena ɗaya bayan ɗaya ta rediyo, ni ina rubutawa da alli.

Ke kuma kika sa aka sauko da wani keken rubutu daga saman kabad, aka goge ƙura, kika zauna a bakin ƙofar tashar kina buga takardun fita da yatsu goma. Direbobi sun fusata, suna ta dukan ƙofa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Mama kwamfuta, ina kwamfutar taki?"

Ko ɗaga kai ba ki yi ba kika ce, "Ta tafi hutu, ɗana. Yau ni ce kwamfutar. Miƙo takardarka, kuma ka daina tofa mini yawu a kai."

Wuri ya kaure da dariya. Kika aika wa Iya Wosilat mai amala cewa ta kwaso tukwanenta gaba ɗaya, duk direban da ke layi ya ci. Faɗa ya mutu a nan.

Ana cikin haka Baba Tiamiyu, akawun ƙofa, wanda saura shekara biyu ya yi ritaya, ya zo ya durƙusa kusa da ke, hularsa a hannu. Ya ce shi ne ya buɗe wani saƙon imel jiya, ya zaci daga kamfanin jirgi ne. Ina tsaye a wurin, na ɗauka za ki cinye shi ɗanye. Sai kika ce, "Baba, na gode da ka faɗa. Yanzu na san ƙofar da suka shigo. Tashi, gwiwarka ba ta son wannan. Ka fi kowa sanin filin nan, je ka taya Tica."

Ƙarfe biyu na rana mun gano kwantena biyar na magani, duk a jone da wuta. Ta shida ta ɓace. Yemisi ta ce idan ba a jone take ba, kafin yamma alluran sun zama ruwan banza, kuma na jihohi huɗu ne. Muka duba allo, muka sake dubawa. Baba Tiamiyu ya tsura wa taswirar ido, can ya buga cinya. Ya tuna cewa da asuba an matsar da wata farar kwantena bayan shagon walda don a ba wata mota hanya. Muka kwasa a guje cikin taɓo, ke ma da takalminki a hannu. Tana nan, ba a mai da mata wuta ba. Yemisi ta goge gilashin ma'aunin sanyin da hannun riga, ta karanta, ta ce bakwai. Iyakar da maganin ke jurewa takwas ce. Osaro ya jona wayar, injin ya ɗauka, mu kuwa muka yi ta tsalle muna ihu kamar yaran da ƙungiyarsu ta ci ƙwallo. Kin rungume Baba Tiamiyu, taɓo har gira.

Ranar Asabar da azahar kwamfutoci suka dawo, ba a ba ɓarayin ko sisi ba. A zaman daraktoci na Litinin wasu suka ce lallai a kori Baba Tiamiyu don ya zama izina. Kika miƙe kika ce saƙon nan ya ratsa katangun tsaron kwamfuta uku da ke kika gina kafin ya isa teburin tsohon, saboda haka idan kora za a yi, daga kanki za a fara. Cif ya zura hannu aljihu, ya turo miki katinki ta kan tebur, ya ce, "Alhaja, rataya abinki, kin gajiyar da ni." Baba Tiamiyu ya ƙarasa shekarunsa biyu da mutuncinsa. Shi ne ya fi kowa kuka ranar jana'izarki.

Da kika yi ritaya a 2020 na ɗauka za ki huta da jikoki. Ashe kin koma Isale Eko kin buɗe aji a zauren masallacin unguwarku. Kowace Asabar da safe matan kasuwa suna zuwa da wayoyinsu, kina nuna musu yadda za su gane saƙon 'yan damfara. Da na je duba ki a asibiti, numfashi ma da ƙyar, abin da kika tambaye ni shi ne wa zai riƙe ajin. Ki kwantar da hankalinki. Mu da muka fito daga hannunki mun raba makonni a tsakaninmu, kuma Asabar mai zuwa tawa ce. Matan sun riga sun aiko mini da gargaɗi cewa ba a makara.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki, Alhaji Lamidi Odunuga, wanda ya yi shekara arba'in da ɗaya yana jiran ki da mota a ƙofar ofis ba tare da ƙorafi ba, da 'ya'yanki Dokta Rofiat da Sodiq da Mariam, da jikokinki bakwai, da dangin Isale Eko, da dukan ma'aikatan tashar. Allah ya ba ku haƙuri da juriya, ya haɗa kanku.

Ni Kirista ne, Alhaja, amma shekara ashirin ina jin yadda kike roƙo, don haka da kalmominki zan roƙa miki. Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki ya yalwata shi. Allah ya karɓi aikinki, ya saka miki da alheri a madadin kowane ɗayanmu da kika ɗaga, ya sa Aljanna Firdausi ce gidanki. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu. Amin.